Wa zai fito a matsayin Yahuza?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman matasan ikkilisiyoyinmu na Sakkwato da suka fara shirin wasan kwaikwayon Ista.

Duk shekara in aka zo rabon matsayi, rigimar ɗaya ce. 'Yan mata kowa na son Maryamu, samari na hangen Yesu ko Yohanna, wanda ya rasa ya ce a ba shi sojan Roma saboda hula da takobin kwali. Da shugaban matasa ya ce, "Wa zai yi Yahuza?" sai kowa ya sunkuyar da kai. Wata uwar ma har aikowa take yi kada a ba ɗanta, wai sunan zai bi shi. Mama, ki yi haƙuri, amma a ganina wanda ya ɗauki matsayin da kowa ke gudu ya fi kowa ƙaruwa.

Ku duba 2 Sama'ila sura 12. Dawuda ya kashe Uriya ya ɗauke matarsa, kuma ya san doka sarai. Da Allah ya aiko annabi Natan, bai tsaya karanta masa doka ba. Labari ya ba shi, na attajirin da ya ƙyale garkensa ya yanka 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Dawuda ya shiga labarin da dukan zuciyarsa, ya fusata, ya yanke wa attajirin hukunci, sannan Natan ya ce masa, "Kai ne mutumin." Daga nan Zabura 51 ta fito. Annabawa ma sun yi wa'azi da jikinsu: Irmiya ya fasa tulu a gaban dattawa, ya rataya karkiya a wuya, Agabas kuma ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus.

Abin da wasan coci ke yi wa mai yinsa ke nan. Mai kallo yana iya zama a benci yana cewa, "Kai, Bitrus bai kyauta ba." Amma saurayin da ya yi makonni yana maimaita "Ban san mutumin nan ba" da bakinsa, sau uku kafin zakara ya yi cara, wata rana a tsakiyar gwaji maganar za ta tsaya masa a maƙogwaro. Zai tuna ranar da aka yi wa wani ƙazafi a wurin aiki, ya san gaskiya, ya ja bakinsa don kada a taɓa masa abinci.

Yahuza kuwa ba baƙo ba ne. Yana cikin almajiran Yesu sha biyun, da shi ake ci da sha, shi ne ma'aji, kuma Yohanna 12:6 ya gaya mana yakan ɗebi abin da ke cikin jakar. Tun kafin azurfa talatin ɗin da aka ba shi don ya ci amanar Yesu, da ƙananan sata ya fara. Kuɗin da ya karɓa kuwa daidai yake da diyyar bawa a Fitowa 21:32. Duk wanda ke riƙe da kuɗin zumunta ko na adashi, da zai yi wannan matsayin ko sau ɗaya, da ya amfana. Haka 'yan taron da ake raina aikinsu, masu ihun "A gicciye shi!" Ka ɗaga murya ka faɗi wannan a cikin majami'ar da kake sujada, ka ji yadda jikinka zai yi.

A ƙauyen Oberammergau na ƙasar Jamus, mutane sun yi wa Allah alkawari lokacin annoba a 1633, suka fara wasan shan wuyar Almasihu a 1634, har yau kuma suna yinsa kusan duk bayan shekara 10. Mazan kan bar gashi da gemu fiye da shekara guda saboda shi. Su cika alkawari suke yi, shi ya sa ba su ɗauke shi abin wasa ba.

Mu kuwa a nan muke tuntuɓe. Sai a shafa wa Shaiɗan gawayi, a sa masa ƙaho, ya fito yana tsalle, coci ta ɓarke da dariya, a tashi ba wanda ya tuna komai sai shi. Dariya ba laifi ba ce, amma in mashayi da Shaiɗan ne suka fi burge yara, an yi asarar gwajin. Wasu kuma hankalinsu na kan wayar da ke ɗaukarsu. Masu fita Hanyar Gicciye a ranar Juma'a Mai Kyau, ku tuna zafin Sakkwato a wannan lokaci yakan wuce digiri 40. Ku tanadi ruwa, sojoji kuma su sassauta bulala, ɗan mutane ne ke ɗauke da gicciyen.

Shugabannin matasa, kafin kowa ya haddace layinsa, ku zauna ku karanta Matiyu 26 da 27, Markus 14 da 15, Luka 22 da 23, da Yohanna 18 da 19, ku yi addu'a tare. Wanda ya yi Yesu bara, bana ku ba shi Yahuza.