Ku bar bangon soja yadda yake, don Allah

Jiya a fada wani ya miƙo mini waya, hoton bangon majalisar Jamus ne a Balin, duk an cika shi da rubutun sojojin Rasha na 1945, wai shi abin da ya ba shi haushi Jamusawa ba su da zuciya, da mu ne tuni an kawo bokitin fenti an shafe. Kowa ya ce gaskiya ne. Ni kam shayin ma fita raina ya yi.

Wanga tunani na fenti shi ke kashe mu wallahi. Yaran da suka yi rubutun nan da gawayi galibi sunansu suka sa, da garinsu, da kwanan wata. Da aka gyara ginin aka buɗe a 1999 an goge na zagi an bar saura, wasu 'yan majalisa sun so a share mafi yawansu, ba su yi nasara ba. Yau ɗan majalisa zai ratsa ta gaban sunan wanda ya ci ƙasarsa da yaƙi ya shiga zaure, kuma Jamus ba ta rage komi ba.

Masu cewa ɓarna ce ko rashin tarbiyya, su je su kwana cikin rami ana ruwan harsashi tukuna.

A Naours can arewacin Faransa akwai kogo ƙarƙashin ƙasa, rubutu ya fi 3000 na yaƙin 1914 zuwa 1918, mafi yawa na 'yan Ostareliya, da fensir kawai, suna da lambar soja da gari. Da lambar nan aka bi takardu aka gano wa ya koma gida, wa ya kwanta dama. To mu fa? Tiraye, wato sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, dubbai suka mutu a Chemin des Dames can Faransa a Afrilun 1917, mu nan sai dai mu ce mazan jiya, a dunƙule, kamar ba uwa ta haifi kowane ba.

Kakana yana da akwatin ƙarfe da ya dawo da shi daga soja, cikin murfin ya kankara sunansa da ajami da ƙusa, harafin ya karkace don ƙarfe ba allo ba ne, ƙasa kuma lambarsa da boko. Muna yara muna zama kansa muna cin tuwo. Bayan rasuwarsa aka sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo, har da ni cikin masu ɗauka, shi ya sa maganar ke ci na.

A 2024 an sauya sunayen tituna a Yamai, titin De Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, madalla, amma wannan rabon manya ne. Ƙaramin soja shi bango kawai gare shi da murfin akwati. Ɗaliban tarihi na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ɗauki waya su bi tsoffin barikoki da gidajen mazan jiya su ɗauki hoto mana, tun kafin mai fenti ya riga su.