Harvard Ta Ƙirga Ɗalibanta, Mu Wa Ya Ƙirga Namu?

Tun da jaridar Wall Street Journal ta fitar da rahoton nan a watan Janairun 2025, labarin ya ƙi mutuwa a shafukanmu. Duk bayan 'yan makonni sai wani ya sake tono shi ya liƙa a Facebook: kashi 23 cikin ɗari na masu neman aiki daga cikin waɗanda suka gama digirin MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a Harvard a 2024 suna nan suna nema wata uku bayan fitowarsu. A ƙasa kuma sai a rubuta abin da aka saba, wai ga shi nan har a Amurka digiri ya mutu, kowa ya je ya koyi sana'a, wanda ya biya kuɗin makarantar kasuwanci ya yi asara. A makon nan sau uku aka turo mini shi, har da wani dattijo da nake ganin girmansa. Shi ya sa na ce bari in yi magana.

Masu yaɗa wannan adadi ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu daga ina ya fito ba. Ba ɗan jarida ne ya bi gida gida yana ƙirga ba. Makarantar ce da kanta take bin sawun ɗalibanta duk shekara, ta tambayi kowa ko ya samu aiki, a wane kamfani, nawa ake biyansa, sannan ta wallafa ko da sakamakon bai yi mata daɗi ba. A 2022 adadin kashi 10 ne, shekara biyu bayan nan ya haura zuwa 23, kuma ba ta ɓoye ba. A cikin rahoton makarantar dai aka nuna cewa matsakaicin albashin waɗanda suka kama aiki dala 175,000 ne a shekara. Wanda ya biya sama da dala 70,000 kuɗin makaranta kowace shekara ba zai karɓi aikin farko da aka miƙo masa ba, musamman a lokacin da manyan kamfanonin fasaha da na ba da shawara suka rage ɗaukar ma'aikata. Wannan ɓangaren ba a turawa, domin yana rushe wa mai turawa hujjarsa.

To mu dawo gida. Cikin makarantunmu na kasuwanci da sassan koyar da gudanarwa da suka cika jami'o'i, wace ce za ta iya fito da takarda guda ta ce ga ɗalibanmu na bara, ga inda kowa yake? Ka duba tallan da suke yi idan lokacin sayar da fom ya zo. Za ka ga hoton gini, ka ga jerin kwasa-kwasai, ka ga lambar asusun da za a biya kuɗi. Abin da ɗalibi ya fi buƙatar sani kafin ya sayar da filinsa ko ya ci bashin albashi, wato me ya faru da waɗanda suka riga shi shiga, shi ne babu. Muna yi wa mai awo dariya don awonsa ya nuna raguwa, alhali mu ko mudun ba mu mallaka ba.

Wani ƙanina ya yi irin wannan karatu na ƙarshen mako a wata jami'a a nan Arewa. Ranar Juma'a da yamma da Asabar tun safe ake shiga aji. Na taɓa raka shi, na zauna a baya. Ajin ya cika maƙil, mafi yawa ma'aikatan gwamnati da na banki ne masu neman takardar ƙarin girma, sai matasa 'yan kaɗan da suka shigo da fatan takardar za ta buɗe musu ƙofa. Malami ya shigo a makare, ya karanta abin da ke cikin handawut, takardar sa hannu tana zagayawa, mutum guda yana sa wa mutum uku. Misalan da ke cikin takardar duk na Toyota da Coca-Cola ne, an kwafo su daga littattafan waje ba a ko sauya kuɗin zuwa naira ba. Ana tashi kowa ya kama motarsa. Shekara biyu ya yi a haka, bai san sunan rabin 'yan ajinsu ba, kuma zauren WhatsApp ɗin da suka buɗe bai wuce tura tambayoyin jarrabawar baya da sanarwar rasuwa ba. Da ya gama, kundin bincikensa aka yi wa bango mai ruwan zinare aka jefa a sito. Har yau ba wanda ya kira shi daga makarantar ya ji ko yana aiki ko yana zaune.

A makarantar kasuwanci ta gaske zaman tare shi ne rabin karatun. A Harvard ɗin da ake yi wa dariya, ana raba ɗalibai aji aji na mutum kusan 90, su yi shekarar farko gaba ɗaya tare. Ba karanta musu lacca ake yi ba. Ana ba su labarin wani kamfani na gaske da ya shiga matsala, su kwana suna nazari, da safe malami ya nuna mutum ba zato ya ce kai ne shugaban kamfanin, me za ka yi? Kafin su gama sun yi muhawara a kan irin waɗannan labarai kusan 500, kuma kusan rabin makin ɗalibi daga bakinsa yake fitowa a aji. Tsakanin shekara ta farko da ta biyu kowa ya tafi kamfani ya yi aikin gwaji, kuma da yawa a nan ake yi musu tayin aiki. Wanda kuka kwana kuna gardama da shi a kan lissafi shi ne zai tuna da kai bayan shekara goma idan yana neman abokin jari. A Indiya, makarantar koyar da gudanarwa ta IIM da ke birnin Ahmedabad ta ƙara gaba: tun 2011 ta fito da ƙa'idar da masu bincike daga waje ke tantance rahoton samun aikin ɗalibanta kafin a wallafa, don kada makaranta ta ƙara gishiri.

Nan take wani malami zai ce aikin jami'a koyarwa ne, ba ofishin raba aiki ba ce. Wannan maganar ta dace da sashen falsafa, ba ta dace da makarantar da ke karɓar kuɗi masu kauri da alkawarin za ta mayar da kai manajan da kasuwa ke nema ba. Wasu kuma za su ce ai babu masana'antun da za su ɗauka, kamar ba su san cewa mutuwar masana'antun ita kanta darasi ce da ya kamata a riƙa koyarwa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Muna zaune a kan tarin labaran kasuwanci da babu kamarsu, mun bar su suna ruɓewa. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Wane ɗalibin MBA aka zaunar aka ce masa kai ne manajan, ga tsadar wuta, ga yadin fasa-ƙwauri, ga tsofaffin injuna, me za ka yi? Ka zagaya Sharada da Bompai da Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, ka ga gine-ginen da suka koma sito. Ka shiga Dawanau ka ga yadda ake haɗa riɗi da zoɓo da citta a loda su zuwa ƙasashen waje, yawanci a kan amana da kiran waya. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022 ta jiƙa dukiya mai yawa, ta kuma tona yadda 'yan kasuwarmu ke nesa da inshora. Canjin kuɗi na farkon 2023 da sakin naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yunin wannan shekarar sun karya wasu, sun ɗaga wasu. Ga kuma babbar cutarmu, attajiri ya rasu a raba gado, shekara biyar kamfanin ya bi shi kabari. Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, har yanzu zuriyarsa na tsaye a kasuwa. Me suka yi da sauran gidaje suka kasa? Wannan tambayar kaɗai ta isa kwas na zango guda. Malamin da ya shiga waɗannan wurare don ya rubuta labarinsu, shi ne zai dawo da lambar wayar mai kamfanin da zai karɓi ɗalibinsa gobe. Rashin aikin ɗalibai da mutuwar darasi a aji tushensu ɗaya.

Su kuma masu cewa a bar boko a koma kasuwa, ina ma sun san kasuwar da suke yabo. A Kwari, uban gida ba ya koya wa yaro ciniki shekara bakwai sannan ya ce masa Allah ya ba da sa'a. Yana sallamarsa da jari, ko ya kama masa teburi, ko ya ba shi kaya bashi ya haɗa shi da dillalai. Idan yaron ya lalace, sunan uban gidan ne ya ɓaci a layi, kuma kowa a kasuwa zai iya lissafa maka yaran Alhaji wane da inda kowannensu ya kai. Wato ɗan kasuwar da bai taɓa shiga aji ba yana riƙe da rahoton da farfesan gudanarwa ya kasa riƙewa. Darasin kasuwar ke nan, ba zagin digiri ba. Matasan da kuke hurewa kunne su bar karatu, gobe idan aka zo ɗaukar manajoji a banki ko a matatar mai, 'ya'yan wasu za a ɗauka, ku dawo kuna kukan an mayar da Arewa saniyar ware.

Ba kuɗi ne babbar matsalar ba. Gidauniyar Aliko Ɗangote ta gina wa Jami'ar Bayero makarantar kasuwanci ta naira biliyan 1.2, aka miƙa ta a 2018. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da tata makarantar. Gini irin wannan ya cancanci a ce daga cikinsa aka fara fitar da rahoton shekara shekara a Arewa, sauran su bi. Ma'aikaci biyu da waya da kwamfuta sun isa su kira kowane ɗalibi wata shida bayan ya fita. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ke zuwa tantance kwasa-kwasai tana ƙirga kujeru da littattafan laburare, ya kamata ta ƙara wannan rahoto a cikin abin da take nema, wanda bai kawo ba a hana shi sayar da fom. Kuma a bayyana abin da ake nufi da aiki, kada a yi mana irin lissafin da ya sauko da rashin aikin yi a ƙasar nan daga kashi 33.3 zuwa 4.1 saboda an ce wanda ya yi aikin awa guda a mako ma'aikaci ne.

Ƙanin nan nawa yanzu yana tunanin tura matarsa ta yi irin karatun da ya yi. Na ce masa kafin ya biya ko kwabo, ya je ofishin shugaban sashen ya nemi a nuna masa inda 'yan ajinsu suke.