Kun sayar mana da a-kori-kura, ina kayan gyaranta?

Wallahi abin ya ishe ni. Duk wanda ya shigo da motar a-kori-kura kasuwa ya sayar wa jama'a, alhali bai tanadi kayan gyaranta ba, bai horar da makanike ko ɗaya a kanta ba, to ya sani zalunci yake yi, ko da kuwa takardunsa sun cika cif. A-kori-kura motar neman abinci ce. Da ita ake kwaso amfanin gona, da ita ake kai siminti da rodi wurin gini, da ita ake fito da marar lafiya daga inda kwalta ba ta kai ba. Ranar da ta kwanta, tukunyar gidaje da yawa ce ta sauka daga murhu: ta mai motar, da ta direba, da ta yaran da ke lodi da sauke kaya. Amma masu sayarwa ko a jikinsu, tun da kuɗi sun riga sun shiga aljihu.

Shiga wurin da suke baje motocin ka ji irin zaƙin bakin da za a yi maka. Za a nuna maka allon da ake latsawa da yatsa, a nuna maka kyamarar baya, a zaunar da kai a kujerar fata, a lissafa maka ƙarfin injin har sai kanka ya ɗaure. To tambaye su: idan nozul, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ya mutu, akwai shi a sito yau ɗin nan? Famfon mai fa? Kuloci fa? Nan take fara'ar za ta ragu, a ce maka ai wannan mota ba ta lalacewa. Wace mota ce ba ta lalacewa? Ƙarfe ne da roba da waya, kuma aikin wahala aka saye ta ta yi.

Tawa tana nan kwance a garejin dilan da ya sayar mini, ƙura ta rufe ta, saboda famfon mai da wata 'yar sensa da ba ta kai girman babban yatsa ba. Kullum na kira, amsa ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, ka ƙara haƙuri, kaya suna hanya." Wace hanya ce wannan da ba ta ƙarewa? Yau a ce jirgin ruwa bai iso ba, gobe a ce an turo amma lambar ba ta dace ba, jibi a ce wanda ya san maganar ya tafi hutu. Na ce to ku ba ni motata in kai wa makaniken waje, sai aka buɗe mini takardar garanti, aka nuna mini layin da ya ce muddin wani hannu ya taɓa injin, garanti ya faɗi. Gaba kura, baya sayaki. Su ba su gyara ba, ba su kuma bari an gyara ba. A gefe guda bashin da na ci na saye ta bai san mota tana kwance ba, wata yana ƙarewa sai an biya, ga kuɗin hayar motar wani da nake biya don kada abokan hulɗa su watse. Ban kama sunan kamfanin ba domin cutar ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san labarin tun kafin in ƙarasa.

Sai ka ji mutane suna mamaki, wai me ya sa kowa Toyota Hilux yake nema, alhali ga wasu sun fi ta araha, sun fi ta kayan alatu. Ni ban ga abin mamaki ba. Hilux ba ita ce ta fi kowa ƙarfin inji ba, kuma duk wanda ya zauna a bayanta ba lodi a kan hanya mai gargada ya san yadda take jijjiga mutum, don sifirin ɗinta na ɗaukar nauyi ne. Abin da ta fi su da shi shi ne idan ta faɗi tana tashi da wuri. Tun shekarar 1968 ake ƙera ta, kuma a 2015 kamfanin ya ce ya sayar da fiye da miliyan 16 a ƙasashe sama da 180. Ana haɗa ta a Tailan, ana haɗa ta a Afirka ta Kudu, ana haɗa ta a Ajantina. Idan mota ta yi yawa haka, ɗan kasuwa ba ya tsoron zuba jarinsa a kayanta, don ya san ba za su kwana a kanta ba. Wasu masana'antu su ma su shiga ƙera mata birki da filta da shokozoba. Wadda ta yi hatsari a farke ta a sayar da sassanta. Yaron makanike tun yana koyon riƙe sifana da ita yake fara wayewa. Kuma ranar da ka so rabuwa da ita, masu saye suna nan a tsaye. Wanda ya ga haka sai shi ma ya saye ta, yawanta ya ƙaru, kayan gyara su ƙara samuwa. Ba talla ce ta gina wannan ba, shekaru ne na ajiye kaya a sito da koyar da masu gyara.

Ko yaƙi ya ba da shaida. A 1987, a ƙarshen rikicin Chadi da Libiya, sojojin Chadi sun tunkari rundunar da ke da tankoki da jiragen sama, su kuwa a kan Hilux da Land Cruiser suke, suna keta rairayi da gudu, har aka riƙa kiran wannan yaƙi da sunan Toyota. Motar da za a shiga sahara da ita dole ta zama wadda mutum zai iya gyarawa da abin da ke hannunsa. Manomi ma abin da yake nema ke nan, ba wani abu daban ba.

Suna kaɗai kuma ba ya ɗaukar lodi. Mercedes da duk girman sunanta ta fito da a-kori-kura mai suna X-Class a 2017, ta gina ta a kan shasin Nissan Navara, ta yi mata ado, ta ɗora mata tsada. A 2020 aka daina ƙera ta don kasuwa ba ta karɓe ta ba. Fiat ma ta fito da Fullback a 2016, wadda a zahiri Mitsubishi L200 ce aka sauya wa tambari, ita ma ba ta daɗe ba. Wannan haɗin gwiwa ba laifi ba ne, kuma ya zama ruwan dare: Mazda BT-50 ta yanzu da Isuzu D-Max uwa ɗaya uba ɗaya suke tun 2020, Volkswagen Amarok ta biyu kuma da Ford Ranger a masana'anta ɗaya ake haɗa su kusa da Pretoria. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Da zai faɗa, da ka san cewa wani sashen da ka rasa a kantinsa yana nan a kantin maƙwabcinsa cikin kwali mai wani suna. Amma ya gwammace motarka ta ruɓe a garejinsa da ya nuna maka ƙofar wani.

Kada kuma wani ya zo ya kaɗa mana takardar cewa mota kaza ce ta fi kowace kasuwa a ƙasa kaza, don haka ita ce ta fi kyau. Gaskiya ne jerin Ford F-Series, wanda aka fara a 1948, shi ke kan gaba a cikin a-kori-kura a Amurka tun 1977. Mota ce ta gaske, kuma da wuya ka shiga gari a can ka rasa dilanta da mai gyaranta. Amma akwai katanga da ta kewaye wannan kasuwa. Tun 1964 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su daga waje, a zamanin Shugaba Lyndon Johnson, don ramuwar harajin da ƙasashen Turai suka sa wa kajin Amurka. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, harajin yana nan. Hilux ba a sayar da ita a can, Toyota Tacoma ce ta maye gurbinta tun 1995. Ke nan yawan ciniki ya haɗa da doka, da haraji, da faɗin tituna, da tsadar mai ko arharsa, da manyan ma'aikatu masu sayen ɗaruruwa a lokaci guda. Motar da ta yi sarauta a wata nahiya tana iya zama kaya a wuyanka a wata, idan babu wanda ya tsaya mata.

Kuma sarautar ba gado ba ce. A Ostareliya Hilux ta riƙe matsayi na ɗaya daga 2016 zuwa 2022, sai Ranger ta ture ta a 2023. Injiniyoyin Ford na ƙasar ne suka jagoranci tsara Ranger ɗin, sun san hanyoyinsu, sun san abin da masu jan tirela da masu aikin ma'adinai ke so. A Tailan D-Max, wadda ta fito a 2002, kafaɗa da kafaɗa take da Hilux. Duk inda aka yi wa mai saye hidima ta gaskiya, yana juyawa.

Su ma manyan ba su tsira daga bakina ba. Sun ga mun rasa mafita, sai suka mayar da sunansu abin tatsa. Ka biya kuɗi mai nauyi, a sa ka a layin jira, a ƙarshe a miƙo maka wadda aka zare wa rabin abubuwan da ake sa wa irinta a wasu kasuwanni, har da na kare rai. Ran wani ya fi na wani ne? Farin jinin nan kuma yana da nasa sharrin: ita ɓarayi suka fi bi, ita masu jabu suka fi kwaikwayon kayanta. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ka sa filtar mai ta jabu, ta bar datti da ruwa su wuce, nozul huɗu su tafi a tare. Kamfanin da ke cin ribar suna ya kamata ya kashe kuɗi wajen kare wannan suna, ya sauƙaƙa wa talaka hanyar gane na asali.

Ga kuma bala'in injinan zamani. Tsohon injin dizal makanike yana sa kunne ya gaya maka ciwonsa. Na yanzu yana tura mai da matsin da ya kai wajen 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ta ƙofofin da suka yi sirantar gashi, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya lalata shi. An sa masa matata a bututun fitar hayaƙinsa, wadda ke buƙatar doguwar tafiya da zafi don ta ƙone toka, idan ba haka ba ta toshe, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi tana rarrafe. Ban ƙi tsabtace hayaƙi ba, 'ya'yanmu ne ke shaƙar iskar. Amma irin wannan inji an tsara shi ne don man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kamar yadda dokar Turai ta tanada. Wanda ya ɗauko shi ya kai kasuwar da manta bai kai wannan tsabta ba, ya sayar bai ce uffan ba, sannan inji ya lalace ya ce laifin mai ne, garanti bai shafi wannan ba, me za a kira shi? Shi ya san irin man da ke gidajen mai tun kafin ya yi odar motar. Mai saye ne kaɗai aka bari a duhu.

Sannan sun kulle ƙwaƙwalwar motar. Ko ka samo sabon nozul da guminka, sai an shigar da lambarsa cikin kwamfuta, na'urar yin hakan kuma tana hannunsu su kaɗai. Makaniken da ya shekara talatin yana kwance inji yana ɗaurawa an mayar da shi ɗan kallo. Wasu wurare sun farga da wannan. Masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka sun amince da dokar 'yancin gyara a 2012, suka faɗaɗa ta a 2020. Ostareliya ta wajabta wa kamfanoni sayar wa masu gareji masu zaman kansu bayanan gyara tun watan Yulin 2022. Tarayyar Turai ma tana da irin wannan ƙa'ida. Inda babu doka kuwa, dila shi ne alƙali, shi ne mai ƙara, shi ne mai riƙe da makulli.

Motocin China irin su GWM da JAC da Foton sun shigo da sauƙin farashi, kuma ina maraba da su, don gasa ce kaɗai ke sa manya su sauke girman kai. Sai dai kowace irin mota ce, daga kowace ƙasa ta fito, abin tsoron shi ne ɗan kasuwar da zai shigo da kwantena kaɗan, ya sayar, ya rufe shago bayan shekara biyu ya koma wata sana'a. Waɗanda suka saya fa? Su zauna da ƙarfen da ba mai gyara, ba mai saye.

Hukumomin da ke ba da izinin shigo da motoci, ina kuke? Ku daina ba kowa lasisi sai ya nuna sito cike da kayan da suka fi saurin ci, ya nuna makanikan da ya horar, ya sa hannu cewa zai ci gaba da kawo kayan gyara na tsawon shekaru ko da ya daina sayar da samfurin. Ku hana soke garanti don kawai mutum ya canza baƙin mai a wani gareji. Ku tilasta a buɗe wa masu gyara na waje na'urar bincike.

Ku kuma diloli, "kaya suna hanya" ba amsa ba ce. Motar da ke ƙarƙashin garantinku idan ta kwanta a hannunku, ku rubuta wa mai ita ranar da za ta tashi, ku sa hannu. Idan ranar ta wuce, ku ba shi wata ya ci gaba da aiki da ita har ku gama. Idan ba za ku iya ba, ku karɓi motarku ku mayar masa da kuɗinsa.