Ba littafi matasanmu suka rasa a Legas ba

Kwalejin koyon aikin likita ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwarta suna Idi-Araba ne, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a cikinta. Jami'ar Jihar Legas, wadda aka kafa a 1983, tana Ojo, ɗan taƙi kaɗan daga Alaba Rago. Mutumin Agege kuwa, tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana iya sauka a Yaba ba tare da ya sha cunkoson Oshodi ba. A Yaban nan kwalejin fasaha ta Yabatech take tun 1947, nan babban ofishin WAEC na Najeriya yake, nan ɗakin karatu na Herbert Macaulay yake, ga kuma Akoka, inda Jami'ar Legas take, kusa. Da wuya a samu wani gari a ƙasar nan da ya tara wuraren neman ilimi a ƙofar gidan talaka kamar Legas.

To amma shiga waɗannan wurare ka duba 'ya'yanmu nawa ne a aji, sannan ka fito bakin get ka duba su nawa ne a teburin mai shayi, da wajen wankin takalma, da ɗakin maigadi. Ba sai an kawo maka alƙaluma ba. A ganina ba ƙwaƙwalwa yaranmu suka rasa ba, ba kuma littafi ba. Abu biyu ne ke kayar da su tun kafin su ga takardar jarrabawa: takardun da ba su dace da juna ba, da lokacin da manya suka hana su.

Tushen duka biyun shi ne zaman ci-rani da ya ƙi ƙarewa. Kakanninmu sun zo Ikko da shanu, sun koma da goro, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Su sun san ranar komawa. Amma yau za ka ga dattijo ya yi shekara talatin a Agege, ya aurar da 'ya'ya a nan, ya ga jikoki a nan, kuma har yanzu maganarsa ita ce "in mun koma gida". Son gida ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne yaron da aka haifa a Legas ya tashi kamar mai jiran mota: bana yana firamare a Ketu, baɗi an tura shi wajen kawunsa a Haɗeja, bayan shekara biyu an dawo da shi ya tsare rumfa. Nan bai kammala ba, can bai kammala ba, kuma kowace makaranta ta rubuta sunansa yadda ta ga dama.

Na san amsar da ake bayarwa a majalisa: ga masu digiri nan suna yawo da fayil, alhali mai kwandon tumatir a Mile 12 ya gina gida ya je Makka. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce wa matashi kwali kaɗai zai ba shi abinci ya yaudare shi. Sai dai mu tuna abin da ya faru ranar 1 ga Yunin 2022, da gwamnatin jiha ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba. Sanarwa ɗaya ta raba samari masu ɗimbin yawa da abincinsu. Wanda yake da ɗan sakamakon sakandare ko wata sana'ar hannu ya samu inda ya raɓa. Wanda babur ne kaɗai iliminsa sai ya hau tirela ya yi Arewa, ko ya ci gaba da wasan ɓuya da jami'ai har a kwace babur ɗin. Ita kanta kasuwar ta canja. Ciniki ya koma tiransifa da POS, kuma ɗan kasuwar da bai iya karanta saƙon banki ba yana hannun duk wanda ya nuna masa rasidin bogi a waya.

Mu fara da takardu, don nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo, tunda ba ta da alaƙa da ƙoƙarin yaro. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Ɗalibi zai tura lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar da zai fara rajista da ita tare da sunansa kamar yadda yake a rumbun hukumar katin ɗan ƙasa. Je ka tsaya a kowace cibiyar rajista a makon ƙarshe ka ga yadda abin ke kasancewa. Yaro ya biyo layi tun asuba, ya zauna gaban mai kwamfuta, ya miƙa takardunsa cikin leda. A sakamakon WAEC shi Muhammad Sani Abdullahi ne. A NIN ya zama Mohammed Abdullahi Gumel, saboda wanda ya yi masa rajista a bakin kasuwa ya ɗauki sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. A banki kuma Sani Mohammed. Ranar haihuwa a wuri ɗaya 1 ga Janairu, a wani wurin watan Yuni na wata shekarar daban. Mai kwamfuta zai ɗaga kafaɗa ya ce na gaba. Ko da rajistar ta wuce a ranar, maganar tana nan tana jiransa a wajen tantancewa a jami'a, ko ranar neman rance, ko ranar tafiya bautar ƙasa.

Maganin ba shi da wuya, sai dai yana son a fara da wuri. A zauna da mahaifi a tsayar da suna ɗaya, da rubutu ɗaya, da jeri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, sannan a bi sauran takardun a daidaita su watanni kafin a buɗe rajista, don gyara a hukumar katin ɗan ƙasa yana cin kuɗi yana cin lokaci. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi ya zama na ɗalibin ne na kansa, ba na yayansa mai shirin tafiya ba, ba na mai shagon intanet ba, kuma a riƙe shi da rai, domin ta nan saƙonni za su riƙa zuwa har a samu gurbi. Haka adireshin imel.

Akwai wasu takardu biyu da yaron Legas ke buƙata, kuma iyaye kan manta da ɗaya ko duka. Ta farko takardar shaidar ƙaramar hukumar asali. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, waɗanda Jigawa da Zamfara da Kebbi da Sakkwato da Yobe suna ciki. Yaron da aka haifa a Idi-Araba amma asalinsa Kazaure yana da haƙƙi a wannan kaso, in yana da takardar. Wanda zai je gida da Sallah ya karɓo ta, kada a jira sai jami'a ta ba da wa'adin mako guda. Ta biyu katin LASRRA, na mazauna Legas, wanda ba ya tambayar ƙabilar mutum. Shirye-shiryen jiha irin na asusun LSETF, da aka kafa a 2016 don horar da matasa da tallafa wa ƙananan sana'o'i, da shi ake shiga. Wasunmu suna gudun wannan rajista don zargin tarko ce ta haraji ko ta kora. Na fahimci inda zargin ya samo asali, amma wanda ba ya cikin rajista, ba a lissafi da shi ranar rabo.

Batun kayan karatu shi ne mafi sauƙi, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Manhajar JAMB da littafinta mai bayanin darussan da kowane fanni ke buƙata suna intanet kyauta. A duba su kafin a zaɓi darussa huɗun da za a zauna a JAMB, domin ana samun mai maki mai kyau da ya rasa gurbi saboda haɗin darussansa bai dace da abin da ya nema ba. WAEC tana da shafin da take ajiye tsofaffin tambayoyi tare da bayanin manyan masu duba jarrabawa kan inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wannan bayani ya fi yawancin littattafan da ake sayarwa a bakin titi amfani, amma kaɗan ne suka san da shi. Darussan lissafi da kimiyya suna nan a Khan Academy da YouTube. A sauke su lokacin da data ke da araha, a kalla daga baya. Jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ɓata mintoci masu tsada yana laluben maɓalli, don haka kuɗin jarrabawar gwaji ba asara ba ne. Jami'ar Legas ba ta duba wanda bai kai maki 200 cikin 400 ba, kuma kiredit biyar ɗinta a zama ɗaya take so, da Turanci da lissafi.

(Wani tarko da yaranmu na nan ke faɗawa: zaɓar Hausa a jarrabawa don ganin banza ta faɗi. Jin Hausar gida daban, ƙa'idojin rubutu da nahawu da littattafan adabin da aka tsara daban. Wanda zai ɗauke ta ya neme ta kamar kowane darasi.)

Duk wannan yana buƙatar lokaci, kuma lokacin yaron kasuwa ba a hannunsa yake ba. Motocin gwari suna shigowa Mile 12 cikin dare, ana sauke kaya kafin gari ya waye. Yaro ya yi dako, ya jera kwanduna, ya yi ciniki har la'asar, ya tara kuɗi ya kai wa maigida, ya yi sallar magariba idonsa na rufewa. In ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, ina so in riƙa zuwa lesin da yamma," amsar da ya fi samu ita ce, "To wa zai tsare min rumfa?" Tambayar Alhaji tana da hujja, ba mugunta ba ce. Amma rumfar da ke da yara uku tana iya sakin ɗaya na awa biyu bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, a riƙa juyawa. Maigidan da ya yi haka ba sadaka kawai ya yi ba. Nan da shekara biyu yana da yaron da zai rubuta masa lissafi, ya karanta masa takardar haya kafin ya sa hannu, ya tsaya masa a ofis da Turanci da Yarbanci.

A nan ne nake ganin sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da kwamitocin masallatai sun bar aiki a ƙasa. Azuzuwan islamiyyunmu suna zama babu kowa na wasu awoyi a kullum. Kowace shekara ana turo 'yan bautar ƙasa daga Arewa zuwa Legas, ga kuma ɗalibanmu da suka riga suka shiga Akoka da Ojo. Allo yana nan, malami yana nan, ɗalibi yana nan. Abin da ya rage shi ne mai faɗa a ji ya ce daga yau bayan la'asar akwai Turanci da lissafi, ya kuma kira iyayen gida ya roƙe su yaransu. Ana iya tara miliyoyi don naɗin sarauta cikin mako guda, ban ga dalilin da alawus ɗin malamai biyu zai gagara ba.

Wanda makaranta ta wuce shi ma ƙofa ba ta rufe ba. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata, mai karatun Arabiyya kuma yana da jarrabawar NBAIS. Buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN tana da cibiyoyi a Legas, ba ta neman makin JAMB, kuma ana karatunta ana kasuwa ko ana riƙe da gida, abin da ya sa ta dace da matan aure matasa da aka cire daga aji. Iyayen da ke fakewa da batun sutura su sani cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Yunin 2022 cewa ɗaliba tana da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Mai son aikin hannu yana da kwalejojin fasaha na jiha a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, ko koyon gyaran waya a Computer Village, ko kanikanci a Ladipo. A rubuta yarjejeniya da mai koyarwa, da shekarun da za a yi da abin da za a biya, a gaban shaidu. Kuɗin makaranta kuma, dokar rancen ɗalibai ta 2024 ta kafa asusun NELFUND ga masu karatu a manyan makarantun gwamnati. Babu ruwa a cikinsa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, a shiga da ido buɗe, kuma shi ma NIN da BVN da lambar JAMB yake nema, dukkansu da suna ɗaya.

Masu jiran yaro a hanya suna da yawa: mai sayar da amsa a guruf ɗin WhatsApp, mai cewa zai ƙara maki in an tura dubu ashirin, makarantar da ke alkawarin kiredit tara ba tare da an buɗe littafi ba, shagon cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin rajista a yammacin Asabar. Sakamakon da aka saya ko dai a riƙe shi, ko ya kai mai shi jarrabawar tantancewa ta jami'a inda babu mai taimakonsa. Gurbin karatu kuwa, in ba a shafin CAPS na JAMB ya fito ba, babu shi, ko wa ya ba da takardar.

Rajistar JAMB a farkon shekara ake buɗe ta, kuma makonni kaɗan take yi. Mai niyyar zama baɗi ya fito da takardunsa a makon nan ya jera su a tabarma, ya karanta sunan da ke kan kowace harafi bayan harafi, in ya ga saɓani ya kama hanyar ofishin katin ɗan ƙasa kafin layin ya yi tsawo.