Gadar Makurdi da masu kewar Bature

Duk sanda ruwa ya tafi da wata gada a ƙasar nan, kamar yadda aka gani a Mokwa a 2025, sai a fara yawo da hoton tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta Makurdi a Facebook, wai ku ga aikin Bature, shekara kusan ɗari ko gezau, wasu ma har da addu'ar dama Turawan su dawo. Wallahi abun nan ya ishe ni.

Ba wanda ya ce gadar ba ta da ƙwari. Kamfanin Sir William Arrol na Glasgow ne ya gina ta, wanda ya yi gadar Forth a can ƙasarsu, aka buɗe ta a 1932 zamanin gwamna Donald Cameron, tsawonta kusan rabin mil. Kafin nan a jirgin ruwa ake loda taragai a tsallaka da su kogin Binuwai. Ginshiƙan kuwa, manyan akwatunan ƙarfe aka nutsa cikin kogin, ana hura iska mai ƙarfi a ciki don kar ruwa ya shiga, mutane na ƙasa suna haƙa suna fitar da yashi har a taras da ƙasa mai tauri. To su waye suka yi wannan aikin ƙarfin? Leburorinmu ne fa, waɗanda ko sunan ɗaya daga cikinsu masu yaɗa hoton ba za su iya kawowa ba.

Kuma Bature bai yi ta don kakanka ya je gaisuwa Kudu ba. Layin dogon da ya bi ta kan gadar ya taso daga Fatakwal ne, ya bi ta Inugu saboda kwal, ya hau Kafanchan ya yi reshe zuwa Jos saboda kuza, kaya dai su isa bakin teku. Kuɗin shimfiɗa layukan nan ma bashi ne aka ɗora wa Najeriya, ba kyauta ba. Masu cewa "ai dai sun gina" sun manta ko mai kiwon kaji yana gyara akurki.

Abun da ya fi ba ni haushi shi ne ana maganar kamar ƙarfen Ingila ba ya tsatsa. Yana yi mana. Gadar ƙarfe irin wannan fenti take ci, a kankare tsatsa, a bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da guduma a ji wanda ya saki, a duba gindin ginshiƙi bayan kowace damina, ballantana shekarun da Kamaru ta saki ruwan dam ɗin Lagdo zuwa cikin kogin Binuwai irin 2012 da 2022. Aiki ne da ba a yi masa bikin yanka ƙyalle, shi ya sa ba ɗan siyasar da ke sha'awarsa.

Injiniyoyi muna da su. Hukumar jiragen ƙasa ta tura su su duba gadar Makurdi tun daga sama har cikin ruwa, a ware kuɗin fenti, a kuma faɗa mana abun da aka gano.