Kan Rago a Agege, Takardar Shaida a Ikeja

Duk Asabar ɗin da ba ni da kwanan asibiti, da na idar da sallar asuba nake kama hanyar mayankar Oko-Oba a Agege. Akwai wani dattijo mahauci, mutumin Sakkwato, da muka saba. Yana hango ni zai ce, "Likita, yau ma na hancin ne?" In ce, "Shi ne, Baba. Guda uku, kada a babbake, kada a fasa." Farkon zuwana ya ɗauka maiɗakina ce ke kwaɗayin farfesun kai. Da na yi masa bayani cewa hancin ragon nake so in koyi tiyata a ciki, sai ya ajiye wuƙa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wato a hannun 'yan boko rago ko an yanka shi bai huta ba.

Mu uku muke wannan atisaye, ni da wata abokiyar aiki Bayarabiya da wani ɗan Inugu. Wani babbanmu ne ya ba mu aron tsohon madubin leƙa hanci da aka daina sa wa marasa lafiya, siririn ƙarfe mai fitila da kyamara. Mu ɗaure kan ragon a tebur, madubi a hannun hagu, almakashi ko hantsaki a dama, ido a kan allo. Duk wahalar tana nan: hannunka na wuri ɗaya, idonka na wani wuri. Makon farko ina neman in yi sama sai in ga na yi ƙasa, bakin madubin ya dinga gogar nama, allo ya yi jawur. Hancin rago ba hancin mutum ba ne, ya fi tsawo, amma lungunansa sun isa su ladabtar da hannu kafin a ba ka hancin ɗan wani.

A wajen taron likitoci na samo wannan dabara, a wani otal a Ikeja. Ba daga kan mumbari na ji ta ba. Lokacin shan shayi ne, ina riƙe da kofi, wani da ya yi kwas a waje yake ba wani labari, na matsa na kasa kunne. Saboda haka kada a ɗauka ina cikin masu cewa taro ɓata lokaci ne. Abin da nake cewa shi ne, cikin kwana ukun da na biya wa kuɗi, minti goman nan ne kawai suka canza yadda nake aiki. Sauran abin da na dawo da shi jaka ce mai tambarin kamfani da takardar shaidar halarta.

A Kano na fara koyon aikin kunne da hanci da maƙogwaro, na ci jarrabawar kashi na ɗaya, sannan aiki da iyali suka dawo da ni Legas. Wanda bai san tsarin ba: bayan digirin likita akwai jarrabawar share fage da ake kira firamare (mahaifiyata da ta ji ta ce, "Kai ɗan nan, bayan duk karatun nan firamare kuma?"), sai kashi na ɗaya, sai na biyu wanda ake haɗawa da kundin bincike, sannan mutum ya zama kwansaltan. Kwalejoji biyu ne ke ba da wannan shaida. Akwai ta ƙasa da aka kafa a 1979, tana Ijanikin a kan titin Badagry, in ka wuce Alaba Rago inda aka san 'yan uwanmu da sayar da dabbobi. Akwai kuma ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma, WACS, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960, hedikwatarta kuma tana Yaba. Ka ga duka biyun a Legas suke.

Sai da na dawo nan na gane girman wannan. Yau in an ce akwai kwas ko lacca, abin da zan yi lissafi shi ne goslo da kuɗin motar haya ta danfo. In na yi sammako na isa, in kwana a ɗakina. Abokina da na baro a Kano, lissafinsa daban: wajen kilomita 1,000, ko jirgi ko motar dare, kuɗin masauki, kuɗin rajista, sannan babban abin, wa zai riƙe masa kwanan asibiti. A sashen da masu koyon aiki ba su da yawa, tafiyar mutum ɗaya na nufin ɗan uwansa zai yi mako bai ga gadonsa ba. Na yi wannan zama. Na sha cike takardar neman izini in mayar da ita aljihu, don na san wanda zan bar wa aikin matarsa ta haihu.

Akwai dokar horon ƙwararrun likitoci ta 2017 da asusun da ta tanadar don kuɗin kwasa-kwasai da jarrabawa. Duk mai bin labarai ya san sau nawa kuɗin nan ke fitowa cikin buƙatun NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, in za ta shiga yajin aiki, kuma wanda ke aiki da asibitin jiha ya fi na tarayya shan wahalar samunsa. Tun da aka saki naira a 2023, taron da ake biya da dala ya zama na masu hannu da shuni ko wanda kamfani ya ɗauka. Babban taron duniya na likitocin fanninmu an yi shi a Paris a 2017, aka yi a Dubai a 2023. Na WACS yana zagaya ƙasashe, yau Dakar, gobe Lome ko Firitawun. Ga mai albashin rajistara, wato likita mai koyon ƙwarewa irina, ko na maƙwabta sai an yi adashi.

To amma in ka sha wannan wahala ka iso, me kake tararwa? Zan faɗi abin da na gani a tarurruka da dama, nan da Arewa, don halin ɗaya ne. Bikin buɗewa zai cinye safiya. Ana jiran babban baƙo, in ya zo a jero sunaye da muƙamai, kowa ya tashi sai ya sake jero su. Lokacin da aka ci, daga wajen ƙananan likitoci ake fanshe shi: wanda ya yi wata shida yana tattara bayanan marasa lafiya sai a ce ya taƙaita cikin minti biyar, babu tambaya, abinci na hucewa. Masu koyon aikin da aka ce dominsu ake taron, rabinsu suna teburin rajista ko suna fama da na'urar haska allo. A bakin zaure kamfanoni sun baje kayan da asibitinka ba zai saya ba nan da shekara goma. Ka taɓa, a ɗauke ka hoto, a ba ka biro.

Inda Legas ta fi mu, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai, shi ne baki. A gida an rene mu da cewa in babba na magana sai sunkuyar da kai. Na yi shekaru ina zama a layin baya, tambaya na cina, in haɗiye ta. A nan na ga ƙaramar likita ta miƙe, ta rusuna wa farfesa kamar yadda Yarabawa ke yi, ta kira shi Cif, ta yaba laccarsa, sannan ta ce masa adadin marasa lafiyar da ya kawo bai isa a yanke hukuncin da ya yanke ba. Na jira in ga an ci mata mutunci. Farfesan ya yi murmushi ya ce ta same shi bayan an tashi. Girmama manya ba su bar mana shi ba, wataƙila ma sun fi mu nunawa, sai dai ladabin bai rufe musu baki ba. Mu mun haɗa kunya da ladabi muka ɗaure su da igiya ɗaya.

Inda muka fi su kuwa, ba mu san mun fi su ba. Wani dare aka kira ni sashen gaggawa, wai in zo in yi tafinta. Jariri ne ɗan kwana takwas daga unguwar Mile 12, jini na fita ta baki, ya yi fari fat. Uwar na kuka, kakar ta ƙi cewa komai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, an cire masa beli ne?" Ta dube ni ta ce, "Jiya, bayan suna." Abokin aikina da ya karɓi yaron ya riga ya fara tunanin cutar rashin daskarewar jini, don bai taɓa ganin aikin wanzami a maƙogwaron jariri ba. Ni kuwa a Kano ban san iyakar waɗanda na gani ba: mai zubar jini, mai ƙwayar cuta a wurin yankan, wanda aska ta zarce ta taɓa ganɗa. Aka tsayar da jinin, aka ƙara masa wani, ya rayu.

Washegari aka ce in yi wa sashe bayani, na yi minti ashirin ba takarda a hannuna. Nan na lura cewa abin da nake ɗauka ba ilimi ba ne, wai don kullum muna ganinsa, a wajensu sabon karatu ne. Haka kuruntar da sanƙarau da ƙyanda ke bari, wadda duk wanda ya taɓa shiga makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano ya ga sakamakonta. Haka haɓo da toshewar hanci a hunturu, da kunnen yaro mai zubar da mugunya shekara da shekaru ana ɗiga masa man zaitun ko ruwan ganye har dodon kunne ya cinye. Haka cutar noma mai cin fuskar yara, wadda Sakkwato ke da asibiti sukutum dominta tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci ba sai a Disamban 2023. An yi rubuce-rubuce a kan beli, daga Jos da wasu wurare, ban ce ba a yi ba. Amma ban taɓa zama a zauren da aka ware awa guda a kan yadda likita zai zauna da Sarkin Aska ko ya shawo kan kaka ba, alhali na zauna a laccar dashen na'urar ji a cikin kunne ta fi sau biyar. Dashen abu ne mai kyau, ana kuma yinsa a ƙasar nan. Sai dai rahoton hukumar nan na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da likitan kunne ko ɗaya ga mutum miliyan. Wanda zai koma ya zama shi kaɗai a jiha guda, abin da zai tarar a layi ranar Litinin ya kamata a fara koya masa.

Laifin ba na masu shirya taro kaɗai ba ne. In ba mu aika taƙaitaccen bincikenmu ba, ba za a sa mu a jadawali ba. Muna da marasa lafiya, ba mu da al'adar rubutawa, fayil kuma in ka nema bayan wata uku sai an yi sa'a.

Shekarar korona ta ɗan rage tazarar. Daga 2020 aka koma Zoom, ɗan Gusau da ɗan Surulere suka zama layi ɗaya, in dai akwai data da caji. Farfesa Johan Fagan na Jami'ar Cape Town ya daɗe da sa bayanan tiyatar kai da wuya kyauta a intanet, kuma da yawanmu da su muke kwana kafin mu shiga tiyata. Amma akwai abin da allo ba zai ba ka ba. Ƙashin da kunne ke zaune a ciki bai kai tafin hannu ba, a cikinsa jijiyar da ke motsa fuska take lanƙwasa, a bayanta babbar hanyar jini, a samanta rufin ƙwaƙwalwa. Da injin haƙa ake shiga, ana kallo ta madubin ƙara girma. Ka kuskure kaɗan, mutum ya farka baki a karkace har ƙarshen ransa. Wannan sai ka ji canjin ƙarar injin a kunnenka da rawarsa a yatsunka. A nan Arewa ba ta da abin jin kunya: Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, a Kaduna take, kuma har daga Kudu ana hawowa kwas ɗin haƙar ƙashi a can. Matsalar ita ce ƙashin kansa. Daga gawa ake samunsa, mu kuwa mamacinmu ba ya kwana, kuma gaskiya ko ni aka tambaya na ɗan uwana ba zan bayar ba. Shi ya sa kwas na kwana kaɗan ba ya isa, dole a nemi abin da zai riƙe hannu tsakanin kwas da kwas.

Da ni ke tsara taron ORLSON, ƙungiyarmu ta likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, ko wani irinsa, da na mayar da bikin buɗewa dare, a haɗa shi da liyafa, manya su yi jawabinsu ana cin abinci. Yini guda cur a ba masu koyo a ɗakin atisaye, kamfanonin da ke baje kaya su kawo su tebur a yi aiki da su maimakon a ɗauki hoto. Kuma duk wanda sashensa ya sake shi ya tafi, ya san da bashi a kansa: in ya dawo ya tsaya gaban waɗanda suka riƙe masa kwana ya nuna musu da hannu abin da ya koyo. Takardar shaida a ba shi bayan nan.

Makon jiya na kira abokin nan nawa na Kano na ba shi labarin kan rago. Ya ce kai ba matsala ba ne, abbatuwa na nan, kuma ya fi na Agege araha nesa ba kusa ba. Madubin ne babu. Wanda suke da shi na marasa lafiya ne, ba mai yarda a kai shi kusa da rago, kuma da gaskiyarsu. Na yi wa babban namu maganar ko akwai wani tsoho a ajiye, ya ce zai duba durowa. Na kuma matsa wa abokin ya haɗa bayanan yaran beli da suka gani bara mu aika tare, shi ya tsaya a mumbari, ni in zauna a layin gaba in yi masa tambayar farko don kada zauren ya yi shiru. Ya ce sai ya ga wanda zai riƙe masa kwana. Baba mahauci kuma ya ce in nemi firiza, bayan Babbar Sallah kai zai yi araha.