Kafin Ka Sauya wa Motar Lantarki Ƙafafu

Masu son mota halinsu ɗaya ne ko'ina suke. Mutum zai ɗauko mota sabuwa fil, bai ma haddace lambarta ba, ya fara neman rim mai faɗi da ƙyalli. A motar fetur ban taɓa ganin laifin wannan ba, ado ne, kowa da abin da ke faranta masa rai. Amma zamana a Jamus, da abin da nake gani a wajen 'yan'uwa mazauna Amurka, ya sa na tsaya a kan ra'ayi ɗaya: a babbar motar lantarki irin Tesla Model S, Mercedes EQS, Porsche Taycan ko Lucid Air, ƙafa tana cikin lissafin injiniya kamar yadda batir yake ciki. Wanda ya taɓa ta da ido kawai, ya rage wa motar abin da ya biya kuɗi dominsa.

Kamfanonin da kansu sun nuna haka. Lokacin da Model S Plaid ta fito a 2021, alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun ba ta mil 396 a caji ɗaya da rim mai inci 19. Da mai inci 21 kuwa, mil 348. Mota ɗaya, batir ɗaya, amma kusan kilomita 77 sun tafi. Lucid Air Dream Edition Range ma haka take: mil 520 da inci 19, mil 481 da inci 21. Waɗannan fa ƙafafun kamfani ne, waɗanda aka auna aka gwada tare da motar. To ina ga wanda aka saya a intanet don hotonsa ya burge?

Dalilin da ya sa motar fetur take haɗiye irin wannan sauyi ba a ji, ta lantarki kuma take kuka, yana cikin abin da kowace ke ɗauke da shi. Lita ɗaya ta fetur tana da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa tara. Ke nan batir mai kilowat-awa 100, kwatankwacin wanda ke cikin waɗannan motoci, bai wuce ƙarfin lita goma sha ɗaya ba. Da wannan ɗan guzuri motar ke cin ɗaruruwan kilomita, saboda ba ta ɓarna. Injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfinsa a matsayin zafi ta salansa da lagireto, don haka ƙarin asarar da rim ya jawo ɓacewa take a cikin babbar asara. A motar lantarki kuwa babu inda za ta ɓuya. Iska da gogayyar taya da kwalta su ne manyan masu cin caji, kuma duka biyun a ƙafa suke haɗuwa.

Injiniyoyi suna ƙiyasta cewa ƙafafu da ramukan da suke juyawa a ciki suna ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turjiyar iskar da mota ke fuskanta. Shi ya sa rim ɗin waɗannan motoci yake zuwa kusan a rufe, fuska a shafe, wani har da marfin roba. Mutane da yawa ba sa son ganinsa, ni ma ba zan ce yana da kyau ba. Amma Mercedes ba ta kai EQS ga ma'aunin turjiyar iska mai ƙanƙanta har 0.20 da sa'a ba, kuma da wane rim aka kai ga wannan adadi yana cikin maganar. Motar fetur mai gudu tana buƙatar rim buɗaɗɗe don birki ya sha iska. Ta lantarki kuwa, a tuƙin yau da kullum, injin ne ke riƙe ta yana mayar da wuta cikin batir, birki ba ya ɗaukar zafi sosai. Idan ka sa mata buɗaɗɗen rim mai siraran ƙafafu, ka ba ta maganin ciwon da ba ta da shi, ka kuma biya da caji.

Duk wannan asarar nisa ce, mai kuɗi zai iya cewa ya ji ya gani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nauyi. Waɗannan motoci duk sun haura tan biyu, EQS tana wajen tan biyu da rabi. Kowane rim yana da iyakar kilo da aka yi shi ya ɗauka, kuma wanda aka yi wa motar fetur mai tan ɗaya da rabi zai iya shiga daidai, ya zauna cas, alhali ƙarfinsa bai kai ba. Ga kuma yadda injin lantarki ke sakin ƙarfinsa gaba ɗaya da zarar ka taka. Nauyin nan ne ya sa a 2021 masu yin taya suka fito da sabon aji mai alamar HL, wanda ke ɗaukar kaya fiye da XL da aka saba, kuma Pirelli ta yi irinsa musamman don Lucid Air. Idan har taya sai da aka sake mata aji, ta yaya za a ce kowane rim ya wadatar? Sannan duk incin da ka ƙara wa rim, daga kaurin gefen taya ka cire shi. Ramin da taya mai kauri za ta shanye, siririya miƙa shi take ga alminiyam kai tsaye. Rim na zubi mai araha tsagewa yake yi, wani lokaci ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Model S kuma ba ta zuwa da safaya.

Wani maƙwabcina ya samo wa Model S ɗinsa rim huɗu na hannu daga wani mai sayarwa, waɗanda aka ciro daga tsohuwar BMW. Mai sayarwar ya ce masa ramuka biyar ne, tazarar milimita 120, daidai da na Tesla. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ramin tsakiyar rim ɗin milimita 72.6 ne, cibiyar ƙafar Tesla kuma 64.1. Na tsuguna kusa da shi ya haska fitilar waya, ga rata nan zagaye da cibiyar, kana iya zura bakin sukundireba. A cikin gari lafiya lau. Da ya hau babbar hanya sai sitiyari ya fara rawa a hannunsa, ya kai aka yi balansin bai daina ba, domin ƙafar ba ta zauna a tsakiya ba. Akwai zoben da ake sawa ya cike ratar, amma ba wanda ya gaya masa. Ba a ma zo maganar zurfin zaman rim ba, lambar nan da ake rubutawa ET, wadda in ta kauce ƙafa ta leƙo waje ta ci gefen bodi, ko ta shige ciki ta goga birki, boris kuma ya riƙa ɗaukar nauyi ta inda ba a tsara masa ba.

A nan ne nake ganin Jamus ta fi Amurka gaskiya, duk da takardunta masu gajiyarwa. A Jamus ba ka isa ka ɗaura rim don ya shiga kawai ba. Ko dai ya zo da takardar ABE daga hukumar motoci ta tarayya, KBA, da ke Flensburg, wadda ta lissafa ainihin motocin da aka yarda a sa masa da girman tayar da za a haɗa, ko kuma ka kai motar wurin masu dubawa irin TÜV ko DEKRA su gani da idonsu. Mai dubawa zai ɗaga motar, ya nemo lambar da aka buga a jikin rim ya gwada da ta takarda, ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ya leƙa ko akwai inda taya ke taɓawa. In ka tsallake wannan, izinin hawa titi na motar zai iya faɗuwa, ranar da tsautsayi ya afku kuma kai da kamfanin inshora sai an kai ruwa rana.

A Amurka kasuwa a buɗe take. Akwai ma'aunin gwajin rim mai suna SAE J2530, amma bin sa ganin dama ne. Kamfanonin kirki suna bi, wasu kuma suna buga JWL, alamar ingancin rim ta Japan. Sauran kuwa, kai da sa'arka. Ban musa ba, wannan sakewa ta haifar da masu ƙera rim na gaske, marasa nauyi masu ƙarfi, waɗanda wasunsu sun fi na kamfanin motar. Amma ta bar wa mai saye aikin injiniya, shi da bai san bambancin 64.1 da 72.6 ba. 'Yan'uwa da ke can sukan ce mini mota tasu ce, kuɗi nasu ne. Haka ne. Sai dai tan biyu da rabi da ƙafa ta ɓalle mata a kan babbar hanya ba mai ita kaɗai take nema ba.

Ba cewa nake kada a taɓa sauyawa ba. A nan dole ma ce ke sa mutane su yi, domin dokar Jamus ta hana tuƙi a kan ƙanƙara ba tare da tayar hunturu ba, kuma yawanci suna ajiye ƙafafu kashi biyu, na sanyi daga Oktoba zuwa Ista, na zafi sauran shekara. Abin da na lura shi ne masu hankali ƙasa suke yi: mai inci 21 ya sauko 19 in birkinsa ya ba da wuri. Motar ta yi laushi, ƙarar titi ta ragu, nisa ya dawo. Ƙara kuwa ba ƙaramin abu ba ce a motar da ba ta da kukan inji da zai rufe ta, shi ya sa tayoyin kamfani da yawa suke zuwa da soso manne a cikinsu. Wanda kuma yake son rim na ƙira, wanda aka matse daga dunƙulen alminiyam, ya saya, matuƙar girmansa, zurfinsa da nauyin da yake ɗauka sun dace a rubuce.

Ranar ɗaurawa ma akwai abin kiyayewa. Ƙasan motar nan batir ne shimfiɗe, jak yana da wuraren da aka ware masa, in bakanike ya kauce ya danna batir, ɓarnar ta fi kuɗin rim nesa ba kusa ba. Mai shokazoba ta iska sai an sa ta a yanayin ɗagawa tukuna, in ba haka ba za ta yi ta ƙoƙarin daidaita kanta tana kan jak. Na'urar auna iskar taya sai wadda motar ke ganewa, domin sababbin Tesla da Bluetooth nasu ke magana. A gaya wa kwamfutar motar sabon girman ƙafa don lissafin nisa ya daidaita. Noti kuma ba da bindigar iska ake gama shi ba, da sifana mai ma'auni ake yi, Tesla ta ce ƙarfin murɗa notin ya kai 175 Nm. Bayan kilomita 50 ka koma a sake gwada su ɗaya bayan ɗaya.